Ƙabli da Ba'adi a Ɗakin Kwamfuta

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda bai yanka wa neman ilimi ranar yaye ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Na shiga jami'a da furfura a gemuna, kuma ba marmari ne ya kai ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini makaranta a Nima: zaure ɗaya da 'yan ɗakuna a jikin masallacin gidanmu. Da gwamnati ta fara karɓar makarantun Islamiyya tana tura musu malaman boko, mu ma aka karɓe mu, amma da sharaɗi. Shugaban makaranta sai mai takardar shaida. Aka yi mini uzuri na tsawon karatun difloma. In na fito da takarda, in ci gaba da riƙe makarantar. In na fito hannu rabbana, ofishin ilimi ya turo wanda ya ga dama ya zauna a mazaunin mahaifina, ni kuwa in koma malamin Larabci a ƙarƙashinsa.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne limamin masallacin, kuma tun farko bai so tafiyar ba. Ya ce da ni, «Ka bar buzu ka tafi zaman benci da 'ya'yan cikinka. To, Allah ya sa a dawo da abin nunawa.» Daga ranar bai sake tayar da zancen ba, sai dai duk asubar da zan fita neman motar haya, wato torotoro, ina jin idonsa a bayana.

Darussan addini da tarihi ba su wahalar da ni ba, Turancin da na tsinta a ajin manya ya ishe ni. A shekarar ƙarshe ne, a farkon shekarun casa'in, aka shigo da sabon darasi aka ce wajibi ne a kan kowa, wato sanin kwamfuta. Wanda ya faɗi sai ya jira shekara mai zuwa. Ni kuwa uzurina a wannan shekarar yake ƙarewa.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali ranar farko: sai an tuɓe takalmi a bakin ƙofa, saboda ƙura. Na ce a raina, waɗannan aƙalla sun san ladabin shiga wuri. Ɗakin yana da sanyi, na'urorin ba su kai yawanmu ba, don haka aka raba mu biyu-biyu. Matasa suka zaɓi junansu, aka bar ni da wani mai bishara daga arewa, tsarana, wanda cocinsu ta turo karatu. Hausarsa irin ta Zango ce, komai a wurinsa «shi» ne. 'Yan aji suka sa wa na'urarmu suna majalisar dattawa.

Malamar darasin ba ta girmi 'yata ta fari ba. Madam muke kiranta, kuma ban taɓa ganin haƙorinta ba a tsawon zangon karatun. Ranar farko ta ɗaga wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, siriri kamar murfin littafi, ta ce wannan shi ne faifan da kowa zai ajiye aikinsa a ciki. A kiyaye shi daga zafi da ruwa da ƙura da maganaɗisu. Kuma kowane aiki a ajiye shi a faifai biyu, domin ranar karɓar aiki ba ta sauraron labarin kowa. Na rubuta duk wannan. Maganaɗisun da na sani a lokacin shi ne ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da telan unguwar Mamobi yake tsince allurai da shi, kuma ba ni da niyyar kai faifaina shagon tela.

Na ɗauki darasin kamar yadda aka koya mana ɗaukar kowane karatu: a haddace matani tukuna, ma'ana ta biyo baya. Na haddace umarnan da ake ba na'ura kaf, ina bitar su a cikin torotoro daga Nima har ƙofar jami'a. Amma in na zauna gaban na'ura, sai ta dube ni da ɗan koren haskenta mai ƙyaftawa, ban san wanne zan fara ba ta ba. Jarrabawar tsakiyar zango na faɗi warwas. Mai bishara ya tsallake da ƙyar.

«Malam,» in ji shi, «wannan abu shi ba ya jin karatu mai daɗi. Kai kana rera masa kamar ranar Maulidi. Shi bawa ne, ka aike shi kawai.»

«Bawan da ba ya gane ubangidansa sai an cika masa waƙafi,» na ce.

«To ai kai ma haka kake yi wa yara.»

Madam ta kira ni bayan aji. Ta ce a fili, ba tare da raini ba, cewa makin da ya rage mini ɗaya ne: aikin ƙarshen zango. Kowa zai rubuta wa na'ura wani ɗan tsari na kansa, wanda za ta yi tambaya, a ba ta amsa, ta yanke hukunci. In aikina ya yi, na tsira. In bai yi ba, babu wata ƙofa.

Buɗin ya zo ranar da ta koyar da sharaɗi. Ta rubuta a allo cewa ana iya ce wa na'ura: idan abu kaza ya kasance, yi kaza, idan bai kasance ba, wuce zuwa kaza. Ina kallon allon sai na ji kamar an kira ni da sunan yarinta. Wannan ai sharaɗi ne da jawabinsa, abin da muka tashi a cikinsa. Babin rafkanwa a salla duk haka aka gina shi: idan ka rage sunna mai ƙarfi, sujada kafin sallama, ita ce ƙabli. Idan ka ƙara, sujada bayan sallama, ita ce ba'adi. Idan farilla ka bari, sujada ba ta gyara ta, sai ka kawo ta. Idan ka haɗa ragi da ƙari, ƙabli ta rinjaya. A ranar na je na shaida wa Madam cewa aikina a kan wannan zai kasance. Ta saurara, ta ce ba ta san sallarmu ba, amma in na'ura ta gane, ita ma ta gane.

Wannan shekarar ruwan madatsar da ke ba da lantarki ya ja baya, aka shiga rabon wuta. Yau akwai da safe, gobe sai da yamma, kuma masu ɗaukewar ba su cika jiran lokacin da suka faɗa ba. Ɗan zaman da muke samu sai mu raba shi ni da mai bishara. Da yatsu biyu nake bugawa, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Layin farko na sa na'ura ta buɗe da sunan Allah, domin ban san yadda ake fara rubutu ba da shi ba. Haka na yi ta ɗora layi a kan layi har makon da ya gabaci na karɓar aiki. Ranar da ya kammala, mai bishara ya zauna yana amsa tambayoyin kamar mai salla, na'ura tana ba shi hukunci daidai, yana ta dariya yana cewa saura kaɗan in musuluntar da shi ta hanyar lantarki. Na ajiye a faifai biyu kamar yadda aka umarta, na naɗe su a farin ƙyalle, na kai gida.

A zaure Baffa ya gan ni ina ciro su daga aljihun riga. Ya tambaya, na yi masa bayani. Ya juya faifan a hannunsa, ya ɗaga shi wajen haske.

«Ka ce da sunan Allah a ciki?»

«Akwai, Baffa.»

«Ina yake?»

«Ba ya ganuwa sai an sa a na'ura.»

«Abin da ke cikin ƙirjin mahaddaci ma ba ya ganuwa, amma ba a taka shi. Kai kuma ka cusa shi a aljihu, kana cuɗanya da masu kifi a mota, kana shiga kewaye da shi.»

Na ce ina cire rigar kafin in kewaya. Muka ɗan tattauna a kan ko rubutun da ido ba ya gani yana ɗaukar hukuncin rubutu. Ba mu rabu a kan komai ba sai a kan cewa girmamawa ta fi aminci. Sai batun inda za a ajiye. Damina ce, kuma duk wanda ya zauna kusa da babbar kwatar Nima ya san abin da ruwa yake yi wa ƙasan ɗaki. Kantar littattafai ta yi danshi, ga yara suna kai hannu ko'ina. A bangon masallaci ta ciki, can sama, akwai akwatin lasifikar da ake jin karatun liman da ita. Bayanta a buɗe yake. Na taka benci na leƙa, na ga wuri busasshe, babu rana, babu ƙura sosai, babu abin da za a ɗora a kai. Akwai wani kakkauran baƙin ƙarfe zagayayye a tsakiya, na jingina ƙyallen a jikinsa don kada ya zame. Baffa ya ce madalla, wuri ya dace da abin da aka ajiye. A nan suka kwana har ranar karɓar aiki.

Ranar wutar safe ce, za a ɗauke wajen azahar. Madam ta zauna a gaban na'ura ɗaya, ana zuwa ɗaya bayan ɗaya, a sa faifai, ta gwada, ta rubuta maki. Wasu matasa biyu da ke gabana suka zo da labarin faifai ya lalace. Ba ta ko ɗago kai ba, ta nuna musu ƙofa.

Da aka zo kaina na yi bisimilla na zura na farko. Na'ura ta yi ɗan gurnaninta, ta yi shiru, ta sake gurnani, sannan ta rubuta cewa ba ta iya karanta abin da aka ba ta. Na ciro, na hura masa iska, na mayar. Haka dai. Na warware ƙyalle na ɗauko na biyu na zura. Shi ma haka.

«Na gaba,» in ji Madam.

Na koma mazauninmu. Ban ji sanyin ɗakin ba, gumi ya jiƙa mini hula. Abin da nake gani kawai shi ne zauren mahaifina da wani baƙo a ciki yana sa a kawar da buzu a shigo da tebur. Mai bishara ya matso, ya turo mini wani abu a ƙarƙashin littafi.

«Malam, ga nawa na biyu. Lissafin zafin rana ne, rabin aji shi suka yi. Canza suna, canza kaɗan. Madam ba zai gane ba.»

Na dubi faifan. Ya daɗe a gabana fiye da yadda nake son tunawa. Sannan na tura masa abinsa.

«Makarantar da zan riƙe da wannan, me zan koyar a cikinta?»

«Ai ni taimako ne.»

«Na sani. Allah ya saka. Mayar aljihu kada a gan mu, kai ma ka rasa naka.»

Na jira har layi ya ƙare, na tashi na je na tsaya a gabanta. Ban saba tsayuwa a gaban na ƙasa da ni ina roƙo ba, kuma 'yan ajin da suka rage duk sun zuba ido.

«Alhaji, na faɗa tun ranar farko,» ta ce. «Ba na sauraron labari.»

«Ban zo da labari ba, Madam. Tambaya ce. Na kiyaye zafi da ruwa da ƙura, na ajiye a biyu. Ina so in san abin da na saɓa, ko da na faɗi.»

Ta ajiye biro. «A ina ka ajiye su?»

Na faɗa mata, da dalilin da ya sa. Kafin in rufe baki wani yaro a baya ya fashe da dariya, sauran suka bi. Madam ta juya ta dube su sau ɗaya, ɗakin ya yi tsit.

«Ei, Alhaji. Wannan baƙin ƙarfen da ka jingina su a jikinsa, shi ne maganaɗisun. Kowace lasifika da shi take magana.» Ta dubi faifan da ke hannuna. «Kuma duka biyun wuri ɗaya. Amfanin na biyu ai shi ne ya kwana inda na farko bai kwana ba.»

Gaskiya ta faɗa.

Ta duba agogonta, ta duba fankar da ke juyawa a sama. «Masu ƙarya ba su kawo irin wannan labari. Amma ba zan ba da maki a kan abin da ban gani ba. Ga na'ura. In aikinka ne, sake rubuta shi yanzu a gabana. In wuta ta riga ka, ba ni ce na ɗauke ta ba.»

Na zauna. Aikin da na yi makonni ina ɗorawa, ga shi ana so kafin azahar, da yatsu biyu. Na fara neman layukan a haddata, sai na tarar sun cakuɗe, lambar wannan layi ta hau kan ta wancan. Na bar haddar. Na tambayi kaina yadda zan yi da mutumin da ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce ya yi rafkanwa. Me zan fara tambayarsa? Ragi ka yi ko ƙari? In ya ce ragi, me ka rage? Na bi shi tambaya bayan tambaya, kowace na juya ta zuwa harshen na'ura. Na zubar da duk ƙawar da na yi wa na farko, gaisuwa da addu'ar rufewa, na bar sunan Allah a sama da ƙashin mas'alar.

Mai bishara bai tafi ba. Ya tsaya a bakin taga yana kallon waje, wai yana gadin wuta. Can ya ce, «Malam, yi sauri, ɗakin karatu ya yi duhu.» Wato an fara ɗaukewa ta wancan ɓangaren.

Na ce wa Madam na gama. Ta jawo kujera, ta tayar da aikin. Na'ura ta buɗe da sunan Allah, ta tambaya: ragi ko ƙari? Ta danna ragi. Na'ura ta sake tambaya: ragi ko ƙari? Ta sake dannawa. Tambayar ta sake dawowa, ta sake dawowa, har ta cika gilashin na'urar daga sama zuwa ƙasa.

Madam ta janye hannunta ta harɗe a ƙirji. Ba ta ce na faɗi ba, ba ta kuma ce in gyara ba.

Na san wannan ciwon, na sha ganinsa a sahu: mai waswasi, wanda yake tayar da kabbara ya sake, ya tayar ya sake, har liman ya yi ruku'u. Ba ya rasa niyya, hanyar wucewa gaba yake rasawa. Na bi layukan da yatsa a jikin gilashi. Ga shi nan: inda ya kamata in tura ta zuwa tambaya ta biyu, na sa lambar da ke mayar da ita ta farko. Na gyara. Ta sake gwadawa. Ragin sunna, na'ura ta ce ƙabli. Ƙari, ta ce ba'adi. Barin farilla, ta ce a koma a kawo ta.

«In mutum ya yi duka biyun fa?» in ji Madam. «Ka ce mini akwai wannan, ranar da ka kawo batun.»

Ashe ta riƙe. Cikin gaggawa na tsallake wannan reshen. Na ce yanzu zan sa. Na buga lambar layi, na buga kalmar sharaɗi, ina neman harafi na gaba sai gilashin ya tsuke ya zama ɗigon haske, ɗigon ya ɓace. Fanka ta ci gaba da juyawa a hankali har ta tsaya.

«Ka ajiye a faifai?» ta tambaya.

«Ban ajiye ba, Madam.»

«Sau biyu ke nan yau.»

Ta tashi. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta ɗauko alli daga tebur ta miƙo mini, ta nuna allon bango. «Rubuta layin da ya rage.»

Hannuna ya nufi gefen dama bisa sabo, na dawo da shi hagu. Na rubuta: idan amsa ta kasance duka biyu, a nuna ƙabli, a tafi ƙarshe. Ta karanta, ta karɓi allin, ta ƙara wata 'yar alama da na manta a ƙarshen kalma. Ta tattara takardunta ta ce, «A sauka lafiya, Alhaji.» Ta fita.

Da na isa gida na tarar da Baffa a masallaci, na shaida masa duk yadda aka yi. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon akwatin lasifikar. Ya ce, «Ni na ce wuri ya dace.» Na ce ni na taka benci. Tun daga ranar, mutumin da ya shekara biyu bai tambaye ni labarin jami'a ba, kullum bayan sallar asuba sai ya ce, «Shiru?» In ce, «Shiru, Baffa.» A cikin makonnin nan wani jami'i daga ofishin ilimi ya zo duba ɗakunan karatu, ya tsaya a zaure yana auna faɗinsa da ido. Ban tambaye shi dalili ba.

Mai bishara ne ya kawo labarin sakamako. Wata ranar Asabar da hantsi na ji ana tambayar gidan Malam a bakin lungu, sai ga shi ya tsallako kwata da takalminsa mai sheƙi, yana haki. Ya tuɓe a ƙofar zaure ba tare da an ce masa ba, ya durƙusa ya gai da Baffa, sannan ya juyo.

«Malam, majalisar dattawa ya wuce! Kai ne na ƙarshe a masu wucewa, ni ina samanka kaɗan. Amma ƙofa ɗaya ne.»

Baffa ya sa aka kawo masa koko da ƙosai, ya zauna yana yi masa tambayoyi a kan garinsu har rana ta take.

Bayan la'asar ya kira ni, ya ce in ɗauko faifan nan biyu. Na ce ai babu komai a cikinsu yanzu, Madam ta ce an shafe. Ya ce allo ma ana wanke shi, amma ba a zubar da ruwan a kwata. Muka je kusurwar bayan masallaci, inda ake zuba wankin alluna tun zamanin mahaifina. Na haƙa rami, ya sa su da hannunsa a cikin ƙyallensu, na mayar da ƙasa.

Na riƙe makarantar har ƙarfina ya ƙare na miƙa wa na baya. Allah ya jiƙan Baffa. Madam da mai bishara kuwa, ban san inda rayuwa ta kai su ba, Allah ya saka musu da alheri a inda suke.